Zomon da Ragata Ta Kama

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a zaune da a tafe, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki, har da bakin ubanka in ya yi zafi. Innarka tana gaishe ka. Ita ce ma za ta aiko maka da wannan can Aliero, cikin ƙullin yaji da kuka da ta haɗa maka.

Bayan haka, ina sanar da kai, da jama'ar Liba da Maiyama da Aliero da Jega baki ɗaya, da duk wani zomo da ya iya karatu, cewa shari'ar nan ta launin ragar kama zomo, wadda aka shekara ashirin da uku ana tafkawa, ta ƙare jiya bayan la'asar a tsakar gidanmu, kusa da turmi. Alƙalin mace ce, ba ta kuma bari na ɗauki lauya ba. Hukuncin yana can ƙarshen takarda. Kada ka tsallaka. Na san halinka da littafi, daga baya kake farawa.

Za ka ce me ya kawo zancen zomo, alhali abin da kake jira daban ne. Na sani. Yau kwana biyar ke nan da ka zauna gabana ka ce ba ka son aikin koyarwar da na yi ta zirga-zirga har na samo maka a Maiyama, kana son ka bi motar Baba Arzika zuwa Ibadan, ka zauna a rumfarsa ka koyi cinikin albasa. Na ce maka shekara goma sha shida na boko ba a yi su don a ƙare da warin albasa ba. Na ce in ka tafi, ba da yawuna ba. Ka sunkuyar da kai, ka ce Allah ya huci zuciyata, ka tashi ka bar tuwonka ko rabi ba ka ci ba. Na kuma ji ka gaya wa Innarka ba za ka taka motar ba sai na furta da kaina, ga shi kuwa gobe da hantsi za ta ɗaga. To, baki ya riga ya ɓata mini aiki sau ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro. Abin da biro ya rubuta ana iya soke shi kafin ya bar gida.

Ka yi haƙuri ka biyo ni ta hanyar zomo. Ita kaɗai na sani.

A shekarar da muke jiran zuwanka duniya, Innarka ta tashi da kwaɗayin naman zomo. Ba kaza, ba kifin gulbi, zomo kawai. A daidai lokacin kuma zomaye sun sa gonar wakena ta bayan gari a gaba, kullum da safe sai in tarar sun yi wa kunya guda aski. Ina sabon malami a firamare, ina da keke da agogo da tabarau, ina kuma jin duk abin da ke cikin duniya yana cikin wani littafi, sai dai in ba a nemo shafin ba. Na ci alwashi a gaban Innarka cewa da hannuna zan kamo mata.

A kabad ɗin makaranta akwai wani tsohon littafi wanda gara ta cinye bangonsa. A ciki na ga hoton Turawa da huluna, sun durƙusa a gindin wani tudu. Suna da wata 'yar dabba doguwa siririya wadda suka horar. Su zura ta cikin ramin zomaye, su rufe sauran ƙofofin ramin da ƙananan ragogi, zomaye su firgita su fito da gudu su faɗa ciki. Na karanta shafin sau uku, na ce ashe wahalar banza mutanenmu suke sha da karnuka da sanduna. Na duba duk dabbobin ƙasarmu, na ga babu mai kama da ita sai tunku. Na je Birnin Malam wurin wani maharbi, na ba shi zakarana ya ba ni tunku a cikin akurki. Ya tambaye ni ko magani zan haɗa. Na ce ilimi ne. Ya ce Allah ya ba da lafiya.

Tabon nan da ke babban yatsana na dama, wanda na ce maka reza ce ta yanke ni wurin fiƙe fensir, haƙorin tunkun nan ne.

Na sami rami a gefen gona, na shimfiɗa ragogina yadda na gani a hoto, na zura tunku. Ina tsugune sai ga Arzika a kan keke. Kai da Baba Arzika ka san shi, mai rumbunan albasa da mota. A lokacin taubashina ne kawai, ɗan kawuna, mai gona ɗaya da baƙin kare guda sunansa Duna, bai taɓa zama a aji ba sai gaban allo. Ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Malam, mi kaka nema cikin ramen ga?"

Na ce, "Zomo."

"Zomo? Cikin rame?" Ya jingine keken a jikin kalgo, ya kakkaɓe wuri ya zauna. "To bari in gani. Ban taɓa ganin an kai ma gahiya sammaci da sunan zomo ba."

Muka zauna har rana ta take tsaka. Tunku bai fito ba, gafiyar ma ba ta fito ba. Bayan kwana biyu kajin Innarka uku suka ɓace, don dai tunkun ya kwana biyu a gidanmu, ya san hanya.

Littafin bai yi mini ƙarya ba. Zomonsu na can mai haƙa rami ne. Namu kuwa a fili yake kwana, ya ɗan share gindin sabara ko tushen ciyawa ya lafe. Kowace tsohuwa mai zuwa itace ta san haka, ni dai ban tambaya ba, don ina ganin mai tabarau ba ya tambayar mai gammo. To ka ji nasiha ta farko. In an ce mutum ya je baƙon gari, ban ce ka je ba tukuna, in dai an ce ya je, ya fara tambayar 'yan garin inda zomonsu yake kwana kafin ya buɗe jakar karatunsa. Karatun ba zai ruɓe ba don an bar shi wata uku a jaka. Ka tambayi mai dako, ka tambayi matar da ke kasa albasa a faranti. Wanda ya yi tambaya an yi masa dariya sau ɗaya. Ni har yau a Birnin Malam akwai masu kirana Malam Mai Tunku.

Da na huce, Arzika ya nuna mini yadda ake yi. Zomo yana da turbarsa, in ka duba da kyau za ka ga 'yar hanya cikin ciyawa da ƙananan kashinsa. Sai a gitta doguwar raga a kafar shinge inda turbar ta ratsa, da safe bayan raɓa ta ɗaga mutane da kare su taso daga ɗaya gefen gona suna buga ciyawa. Amfanin raga shi ne ta riƙe shi da rai har a zo a yanka, don Duna ba ya jiran bisimilla. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba ita ce ragar Arzika. Da zaren jajayen buhunan albasa ya saƙa ta, ya warware su ya murza. Tun daga nesa kake hango ta a cikin koren wake kamar an shanya barkono.

Na yi masa darasi a tsaye. Na ce dabba tana da ido. Na ce shi kansa zomon me ya sa Allah ya yi shi da launin ƙasa? Na kawo misalin hawainiya da fara da kakin soja. Ya saurara yana sakace, ya ce, "Malam, wanda kare ke bi bai tsayawa zaɓen atamfa."

Na je Jega wurin wani mai saƙa taru a bakin gulbi, ya saƙa mini raga uku da farin zare. Na jiƙa su cikin ruwan bagaruwa da laka kwana uku har suka koma kamar ƙasar gona. Ranar kora na kafa tawa, na ja ta na ɗaure tamau kamar fatar kalangu, turakun a jere kamar na ja layi a allon aji. Ta Arzika kuwa tana lilo a can gefe, ta yi ciki kamar wandon aro. Aka taso. Sai ga zomo ya miƙo turbata, kunnuwa a kwance. Ya daki ragata, ta dawo da shi baya kamar ƙwallo. Ya zauna. Wallahi, Babana, ya zauna ya dube ni. Sannan ya karkata ya bi ta ƙarƙashin shinge. A ranar zomaye biyu suka faɗa ta Arzika, ta zube a kansu ta naɗe su.

Arzika ya zo ya taɓa ragata da yatsa, ta yi ƙara. Ya ce, "Sassauta mata, Malam. Raga in ba ta da ciki ba ta riƙo."

Na ce bagaruwar ce ta yi yawa, launin ya yi duhu. Na sayo koriyar galura na sake rina ta. Aka sake kora, wani zomon ya sake tsalle da baya. Na ce ai waken ya fara bushewa, koren ya yi yawa. Na yi rabi kore rabi ƙasa-ƙasa. Sau uku ina canza launi, hannuwana suka yi wata guda kamar na mai marina, yara a aji suna leƙen su in na ɗauki alli. Ko sau ɗaya ban sassauta igiyar ba.

Ga ta biyu. In abu ya ƙi, mutum yakan ruga ya gyara wurin da yake jin daɗin gyarawa, ya bar wurin da ya lalace. Ni rini nake so, don rini yana da bayani, ana iya tsayawa a yi jawabi a kansa. Sassauta igiya kuwa sai na yarda Arzika ya fi ni sani. In ciniki ya ƙi ka, ko zama da abokan ɗaki ya ƙi, ka nemi abin da ba ka son taɓawa, galibi nan ciwon yake. Kuma ka riƙa barin ciki a ragarka. Mai saye in ka ja shi tamau zai yi tsalle da baya ya tafi rumfar gaba. Aboki ma haka. Wasu sun ce ɗa ma haka, amma wannan ba mu zo wurin ba.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba ka taɓa jin ta ba.

Ranar wata kasuwar Jega muna zaune a rumfar wani mai balangu, mu kusan goma, Arzika ya ɗauko labarin zomon da ya zauna ya dube ni. Ka san shi da iya ba da labari. Ya tashi tsaye ya yi tsalle da baya, ya zauna a kan dugadugansa, ya ɗaga yatsu biyu a kai, ya dube ni ta saman tabarau da ba shi da shi. Mai balangu ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Tsakanin taubasai wannan ba komai ba ne, ni ma na sha yi masa wanda ya fi haka. Amma ranar akwai wasu malamai biyu abokan aikina a wurin, na ji kunya ta hau mini kai. Na ce, "Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba shi zai koya mini halin dabba? Jahilci dai bai yi ba."

Wasan taubashi yana da faɗi, amma kowa a wurin ya ji wannan ba daga cikin wasa ta fito ba. Arzika ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, "Gaskiya ta, Malam." Ya ɗauki kekensa ya tafi, naman da aka yanka masa yana kan takarda.

Kafin in tsallake gada na san na yi laifi. Amma sai na zauna ina jiran ya zo, kwana arba'in. In na hango shi a masallacin Juma'a sai in sake sahu. Innarka ta yi magana sau ɗaya, na ce mata maganar maza ce. Rannan da safe na ji sallama, na fito na tarar da shi a ƙofar gida, Duna na kaɗa wutsiya.

Ya ce, "Malam, an gama roron wake, zomaye sun yi ƙiba. Ko su ma kana hushi da su?"

Shi ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma, don rashin kunya, ban taɓa ba shi haƙuri ba. Babana, duk inda ka zauna za ka tarar da wanda ka fi karatu. Kada ka taɓa ɗaukar karatunka ka doki mutum da shi a gaban jama'a. In kuma harshe ya kuɓuce maka, kada ka kwana. Haƙurin da aka bayar a ranar, kalma biyu ne. Wanda aka ajiye, kullum ƙara nauyi yake, har ya kai mutum yana da furfura bai iya ɗaga shi ba.

Yanzu ga labarin da ka sani, wanda ka ji ya fi sau ɗari, duk sallah, duk suna, duk ranar da aka yi baƙo. Zan sake ba ka shi, amma wannan karon har da abin da nake tsallakewa.

A lokacin na gano launin da babu kamarsa. Na haɗa lalle da bagaruwa kaɗan, ragogin suka fito sak busasshiyar ciyawa. Na kafa su uku tun da yamma a wurare daban-daban don ƙamshin hannuna ya fita. Da safe muka zo kora, sai na nemi ragogina na rasa. Wannan shi ne abin da nake tsallakewa. Na yi sama na yi ƙasa, na cire tabarau na goge na mayar. Ɗaya da ƙafata na gano ta, na kife a kan harawa. Mutane suna can suna kora, Duna yana haushi, ni ina rarrafe ina laluben shinge. Jar ragar Arzika kuwa ga ta can, ko makaho ya yi mata sallama.

Can sai na ji muryarsa daga wajen kalgo. "Malam! Taho! Taho maza, ragarka ta kama!"

Na ruga. Ga zomo ƙato, ya naɗe cikin ragata yana harbin iska, Arzika ya danne shi da gwiwa. Na yi bisimilla na yanka. Tasa kuwa a ranar ba ta kama komai ba. Na rataya zomon a kafaɗa, na bi doguwar hanya zuwa gida, ta gaban masallaci, ta gaban makaranta, ta majalisar masu dara, hanyar da ta ninka ta kullum sau biyu. Innarka ta yi farfesu ta ci har da side kwano. Bayan wata biyu ka zo. Tun daga ranar, duk wanda ya yi mini gardama a kan kowane abu, ko siyasa ce ko maganin basir, sai in ɗauko zomon nan. In Arzika yana wurin in ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Ya ce, "Haka anka yi, Malam."

Raga ta uku har yau ba a gan ta ba. Wata rana na tambayi Arzika, cikin raha, me ya sa ya nace wa ja. Ya ce, "Ai ba don zomo nika yi ba. Don ni na, in gane abina." Na ɗauka zolaya ce. To ka riƙe wannan ma. Akwai 'yan garinmu da suka tafi Kudu suka saje da wurin har nasu suka neme su suka rasa. Ka koyi harshen mutane, ka ci abincinsu, ka girmama manyansu, amma ka bar wani jan zare a jikinka da za mu riƙa hango ka da shi. Ka kira Innarka duk Juma'a ko ba ka da labari. Ba labarin take so ba, muryar take so. In waya ta yi ƙara a ɗakinta ni ma ina ji daga zaure, ko da na yi kamar ina karatu.

Na ce "ka kira", na kuma ga na rubuta kamar an riga an gama magana. Bari dai in ƙarasa.

Jiya da safe na hau kabu-kabu na zo Aliero. Ba ka gan ni ba. Na zo ne in ce wa Arzika ya sakar mini ɗa. Na sauka na tsaya a bayan motar da ake lodi, sai na hango ka a tsakiyar tulin albasa, ka naɗe hannun riga. Ka ɗauki ɗaya, ka danna wuyanta da babban yatsa, ka kai hanci, ka jefa ta gefe. Wani dattijo mai dako ya kinkimo buhu, ka tsayar da shi, ka ce wannan ba ta gama shan iska ba, in ta shiga ƙasan lodi kafin Ibadan ta jiƙa na kusa da ita. Ya sauke bai yi musu ba. Ya faɗi wata magana da ban ji ba, ka yi dariya har ka dafa buhu. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ka gama makaranta. Duk watannin da nake jan ka ofis-ofis da takardu a hannu, fuskarka kamar ta mai rakiyar gawa take, ni kuwa ina ce natsuwa ce.

Na zagaya na sami Arzika a inuwar rumbu. Ya sa aka kawo mini fura. Ya nuna mini yadda ka sa aka ɗaga ƙasan rumbunan daga ƙasa, aka buɗe musu kafofin iska, ya ce bana ruɓa ta ragu har maƙwabta suna zuwa kallo. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ɗanka na, Malam. In ka ce a'a, ko buhu guda bai ƙara ɗaga min. Amma yaron ga hancinai ya san albasa, kuma biron da kab ba shi yana aiki nan. Ni abin da nika riƙewa ga kai, shi yana riƙe shi ga takarda."

Na ce ni fararen kaya na so in gan ka da su, mutane su ce ga ɗan Malam. Na ce, "Kai dai ba ka taɓa sanin darajar launi ba. Ka manta zomon nan?"

Ya dube ni. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Haka anka yi, Malam." Ya sa aka ɗaura mini albasa a bayan babur.

Na dawo gida ina jin na yi nasara. Na tarar da Innarka tana daka, na zauna a kan kujerar tsuguno na ba ta labari, har da yadda na rufe masa baki da zomo. Ta tsayar da taɓarya, ta jingine ta a jikin turmi.

Ta ce, "Malam, wa yaf feɗe zomon nan?"

Na ce ita.

"To ga ƙahwar baya akwai jan zare, ya naɗe har ya shiga fata. Sai da nis sa wuƙa. Ragarka na da jan zare?"

Na ce wataƙila ya taɓa kuɓucewa daga wata ragar.

"Na tambayi matar Arzika tun ran nan. Tasa ta kama shi. Ya ciro shi, ya riƙe shi ga hammata yana neman taka cikin haki, ya ce neman ragar ya fi kamun zomon wuya. Ya kwance igiyar da kad ɗaure, ya naɗe shi ciki, sannan ya kira ka."

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

Ta ce, "A da zomo na, Malam. Yanzu ɗana na." Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ashe duk tsawon shekarun nan ni maratayi ne kawai, kuma na bi da shi ta gaban masallaci.

Ka duba, Babana. Mutumin da na kira jahili a tsakiyar kasuwa, bayan kwana arba'in ya zo da ƙafarsa, ya kama zomo ya sa a ragata don in shiga gida da kaina a sama, sannan ya shekara ashirin da uku ina yi masa gori da zomonsa yana cewa haka aka yi. Jiya ma, da kalma ɗaya zai kayar da ni ya tafi da kai, ya haɗiye ta. Na yi fiye da shekara ashirin ina koyarwa, na karanta abin da na karanta, ban san makarantar da ake koyar da wannan ba. In akwai ta, to rumfarsa ce. Ka lura da yadda yake auna albasa, amma ka fi lura da yadda yake auna magana.

Ni kuma na ja ka tamau, na tsaya ina zaɓa maka launin riga. Da ka daki ragar ka koma baya, sai na ce tarbiyya ce ta yi ƙaranci.

Saura 'yan ƙanana. Kada ka sa manya a bakin buhu ka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, mai saye sau ɗaya ake yi masa haka. Kada ka bar sallah don mota ta iso. Kada ka daina karatu, ka riƙa ajiye littafi ko ɗaya a rumfa, warin albasa ba ya hana shi buɗuwa, sai dai in ka ga hoton wata dabba a ciki ka tambayi mutane tukuna. Ka ci abinci. Innarka ta ce in rubuta wannan sau biyu, ka ci abinci.

Ka tafi da yawuna. Na janye abin da na faɗa, na kuma yafe maka tuwon da ka bari. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hancinka da bironka. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai muna raye. Ƙannenka suna gaishe ka. Kada ka gaya wa Arzika komai. Gobe kafin motar ta ɗaga zan zo da kaina, akwai haƙurin da ya kwana shekara ashirin da uku a wurina, ba a aika irinsa a takarda.

Ga hukuncin da na yi maka alkawari. Zomo ba ruwansa da launin raga. Arzika ne da gaskiya, a kan raga da a kanka. Ni na yi kuskure.

Mahaifinka,
Malam Mai Tunku, Liba.